Dalilin da ya sa ba ma haƙa har bakin iyaka

Ka tambaye ni jiya, ka ce: "Maigida, mako biyu katafila tana kankare baƙar ƙasa muna jibgewa a gefe, ko tifa ɗaya ba a loda ba. Ga turaku an kafa nesa da iyaka, an hana mu taɓa tsakuwar da ke bayansu. Me zai hana a kwashe kaya tukuna, in an gama a gyara wurin?" To, saurara da kyau, yaro. Yadda za a rufe ramin tsakuwa, tun ranar da aka fara buɗe shi ake yanke shi.

Fara da turakun, don lissafi ne tsagwaronsa. Tsakuwa in ka zube ta, takan tsaya da kanta a gangara mai kusan digiri 35, amma ƙasar da ka shimfiɗa a kan irin wannan, ruwan farko zai wanke ta. Gangaren da ake so a ƙarshe shi ne mita 3 a kwance ga kowace mita 1 a tsaye, kusan digiri 18 ke nan: ciyawa za ta kama, katafila za ta hau, wanda ya faɗa ciki zai iya fitowa da ƙafarsa. Rami mai zurfin mita 6 yana cin mita 18. Ko da saman bangon za ka ture ka cike gindinsa da shi, leɓen ramin zai ja baya da mita 9. Sai ka ƙara tazarar da lasisi ya ce a bari tsakaninka da maƙwabci ko hanya. Wanda ya haƙa bango a tsaye har iyaka ba shi da abin turewa, sai dai ya sayo ciko a tifa, ko ya gudu ya bar bango yana zaftarewa yana cin filin wani.

Baƙar ƙasar nan kuwa, kaurinta sau da yawa bai wuce santimita 15 zuwa 30 ba, amma a cikinta iri da saiwa da ƙananan halittu suke. Hekta ɗaya mai kaurin santimita 20 tana ba da mita kubik 2,000, ka riƙe wannan a kai don ka san ko abin da ka tara zai isa. A kankare ta daban, ƙasar da ke ƙarƙashinta daban, kada a haɗa. Kada a taɓa ta tana jiƙe, tayar inji za ta danne ta, in ta bushe ta koma kamar tubali. Tsibinta kada ya wuce mita 2 zuwa 3, don in ya yi tsawo iska ba ta kai wa cikinsa, ƙasar sai ta mutu. In zai haura wata shida a ajiye, a watsa masa irin ciyawa. Abin da ya fi duka shi ne a raba filin kashi-kashi: ƙasar da aka kankare daga sabon kashi a kai ta kai tsaye kan wanda aka gama, ɗauka ɗaya, babu ajiya.

Ruwa ne ya fi kayar da mutane. Tsakuwa rariya ce, abin da ka zubar a gindin rami ba ya daɗewa ya isa ruwan da rijiyoyin mutane ke sha. Shi ya sa ake haƙa rijiyoyin gwaji a kewayen fili, a riƙa auna inda ruwa ya tsaya a cikinsu, musamman a ƙarshen damina lokacin da ruwan ƙasa ya kai maƙura. Daga wannan ma'aunin zuwa sama ake barin aƙalla mita ɗaya da rabi ba a haƙa ba, sai in lasisinka ya yarda a shiga cikin ruwa. Wanda ya yi awonsa da rani, marka za ta nuna masa kurensa. Tankin mai ya zauna a wajen rami, a kan daɓen kankare, da katanga kewaye da shi wadda za ta riƙe kashi 110 cikin 100 na abin da tankin ke ɗauka. A can ake shan mai, a can ake juye baƙin mai.

Ta saman fili a ja lambatu ya karkatar da ruwan sama, kada ya shigo ya ɗauki laka. Ruwan wankin tsakuwa kuma ya bi ta tafkuna biyu ko uku a jere, kowanne tsawonsa ya ninka faɗinsa sau biyu ko uku, mashiga a wannan ƙarshen, mafita a wancan. Yashi yana kwantawa nan take, laka mai laushi sai ta kwana da kwanaki, don haka gajeren tafki wucewa kawai ruwa yake yi da dauɗarsa. In laka ta kai rabi a yashe. Kuma ka kiyayi samanta in ya bushe ya tsattsage: ɓawo ne kawai, ƙarƙashinsa taɓo ne mai haɗiye mutum. A kewaye shi da waya.

Ƙura ba ta da wuya: tankar ruwa a kan hanya, direbobi su rage gudu, a rufe kaya da tamfol.

In an zo rufewa, gindin ramin da tifa ta yi shekaru tana takawa ya daskare, saiwa ba za ta huda shi ba. A fara farfasa shi da haƙoran bayan katafila, zurfin santimita 50 zuwa 60, a gicciye da gangara. Sannan a shimfiɗa ƙasar ƙarƙashin da aka ajiye daban, sannan baƙar ƙasa a sama. A bi gangaren da katafila daga ƙasa zuwa sama, don sawun sarƙarta ya fito a gicciye ya tare ruwa da iri. In ta bi ta gefe, ta yi wa ruwa hanyoyin gangarowa ne. A shuka da faɗuwar ruwan farko, a rufe da tattaka. Bayan kowane ruwa mai ƙarfi ka zaga da shebur, duk ɗan kwararon da ya fara tsagewa ka cike shi tun bai fi tafin hannu ba.