Me ya sa sai da izinin hukuma ake ƙara yawan makamashin nukiliyar da ake ajiyewa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Samaru, Zariya. Na ji cewa a 'yan shekarun baya an yi fargabar kashe wasu tashoshin lantarki na nukiliya a ƙasar Suwidin, alhali lafiyarsu ƙalau, wai don wurin da suke ajiye makamashin da ya gama aiki ya kusa cika. Abin ya ɗaure mini kai. Ƙasa mai arziki irin wannan, me zai hana kamfani ya ƙara gini ya ci gaba da ajiya? Me ya kawo dokar ƙayyade yawan abin da za a ajiye?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Labarin da ka ji gaskiya ne, a 2021 aka yi shi. Amma kafin mu je Suwidin, bari mu fara da abin da ake ajiyewar, domin rabin amsarka tana jikinsa.

Makamashin tashar nukiliya 'yan ƙwayoyin yuraniyam ne daskararru, an jera su cikin dogayen bututun ƙarfe, an ɗaure bututun dami-dami. Dami yakan yi shekara uku zuwa shida a cikin tukunyar nukiliya, wato na'urar da makamashin ke aiki a cikinta, kafin ƙarfinsa ya ragu a cire shi. Tukunyar da ke ba da megawat 1,000 takan fitar da kamar tan 20 zuwa 25 a shekara. A ido wannan ba wani abin kirki ba ne, domin yuraniyam abu ne mai nauyin gaske, tan 20 ba ya cin wuri. Matsalar ita ce damin da aka cire bai mutu ba. Yana ci gaba da fitar da zafi da tiririn nukiliya mai kisa, kuma babu makunnin da za a danna ya daina. Lokaci ne kaɗai ke rage shi. A shekarun farko yana raguwa da sauri, daga baya sai a hankali, na dubban shekaru.

Shi ya sa ana cire shi sai cikin tafkin ruwa mai zurfi da ke jikin tashar. Ruwan na kwashe zafin, yana kuma tare tiririn, har ma'aikaci ya tsaya a bakin tafkin ba abin da ya same shi. To a nan ne lissafin yawa yake shigowa. Famfunan da ke juya ruwan da na'urorin da ke sanyaya shi akwai iyakar zafin da za su iya kwashewa, kuma dole a lissafa da ranar da ɗaya daga cikinsu zai tsaya. Sannan in aka matsa damman kusa da juna fiye da kima a cikin ruwa, fashewar ƙwayoyin zarra na iya sake kamawa ta ɗore, abin da ba a so ya faru ko'ina sai cikin tukunya. Don haka duk lokacin da za a matse su, sai an sa faranti masu sinadarin boron a tsakaninsu, an sake lissafi daga farko, hukuma ta duba. Akwai kuma wurin da ake bari fanko a tafkin, wanda zai ɗauki duk abin da ke cikin tukunyar in ta kama a kwashe shi gaba ɗaya don gyara. A wasu ƙasashe doka ce ta wajabta haka, a wasu kuma kamfanonin ne suka ɗora wa kansu. Ka ga adadin da ke rubuce a lasisi sakamakon lissafin zafi ne da tazara da kariya. Wanda ya wuce shi ya shiga yankin da ba wanda ya tabbatar da amincinsa.

Yanzu Suwidin. Su ba sa barin makamashin ya daɗe a tashoshi. Bayan kamar shekara guda sai a ɗauke shi a jirgin ruwa na musamman zuwa ma'ajiya guda ɗaya ta ƙasa baki ɗaya, mai suna Clab, kusa da garin Oskarshamn. An buɗe ta a 1985. Tafkuna ne da aka haƙa cikin dutse, kamar mita 30 ƙarƙashin ƙasa, ruwa mai zurfin mita 8 a saman damman. Kamfanin SKB, mallakar masu tashoshin nukiliyar ƙasar, shi ke gudanar da ita. A lokacin lasisinta ya ce tan 8,000, kuma lissafi ya nuna za a kai wannan adadi wajen ƙarshen 2023. Sai kamfanin Vattenfall, ɗaya daga cikin masu tashoshin, ya sanar a 2021 cewa in ba a ƙara ba, zai fara rasa damar tayar da wasu tukwanensa daga 2024, domin tukunyar da ba ta da inda za ta zuba tsohon makamashi ba za a zuba mata sabo ba.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne ba a ma buƙaci sabon haƙa ba. Kogon da ake da shi zai ɗauki tan 11,000 in aka koma amfani da akwatunan ajiya masu matsi, aka kuma fitar da wasu tarkacen ƙarfen tukwane da ke cin wuri. Wuri akwai shi. Takarda ce babu.

Me ya riƙe takardar? SKB ya haɗa neman ƙarin ne da babbar buƙatarsa da ya shigar tun 2011, ta gina makwancin dindindin a wani wuri mai suna Forsmark, mita 500 cikin dutse, inda za a rufe makamashin cikin gangunan tagulla a kewaye su da yumɓu. Shekara goma ke nan buƙatar tana yawo, musamman saboda muhawarar masana kan ko tagullar za ta jure lalacewa tsawon lokacin da ake so. Gwamnati ba ta shirya yanke hukunci kan makwancin ba, ga kuma Clab na cika. Sai a watan Agusta na 2021 ta raba buƙatun biyu, ta amince da tan 11,000, ta ajiye ɗayar.

Ƙaramar hukumar Oskarshamn ba ta ji daɗin wannan rabawa ba, kuma dalilinta shi ne rabi na biyu na amsarka. Mutanen garin sun karɓi ma'ajiyar ne bisa cewa ta wucin gadi ce, za a ajiye shekara talatin zuwa arba'in a wuce da shi. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Abin da ke tabbatar wa mai masauki cewa wannan baƙon zai tashi shi ne adadin nan na lasisi. Muddin akwai ranar da wurin zai cika, dole gwamnati ta motsa kan makwancin ƙarshe. In kuwa duk lokacin da ya kusa cika za a ƙara adadi a ci gaba da zama, to an cire wa 'yan siyasa abin da ke matsa musu, garin kuma ya zama makwanci ba tare da an taɓa tambayarsa ba.

A ganina gwamnatin ta yi daidai da ta ƙara, domin hukumar kula da tiririn nukiliya ta ƙasar ta duba lissafin, kuma kashe tukwane masu lafiya a ƙasar da nukiliya ke ba ta kusan kashi 30 cikin ɗari na wutarta ba ƙaramin abu ba ne. Amma tsoron Oskarshamn ma yana kan gaskiya, kuma ba na son a ɗauke shi a matsayin taurin kai. Abin da ya kwance rikicin shi ne a watan Janairu na 2022 gwamnati ta amince da makwancin Forsmark, aka kuma fara aikin ginin a Janairun 2025. Da ba a yi hakan ba, da ƙarin na 2021 ya zama daidai abin da suka yi gudu.

Ba ko'ina aka yi wannan sa'a ba. A Taiwan, tukunya ta ɗaya ta tashar Kuosheng ta tsaya a watan Yuli na 2021, watanni kafin lasisinta ya ƙare, saboda tafkinta ya cika. Gwamnatin birnin New Taipei, inda tashar take, ta daɗe tana riƙe da takardun izinin da ake buƙata don ajiyar busasshe, wato ba cikin ruwa ba. A tashar Chinshan da ke maƙwabtaka abin ya fi muni: an rufe ta, amma makamashi ya yi shekaru a cikin tukwanen don babu inda za a kwashe shi, aikin wargaza tashar ya tsaya cik. Wannan shi ne gefen da masu hana izini ba su cika dubawa ba. Hana ƙarin wuri ba ya rage tan ko ɗaya na abin da aka riga aka samar. Yana dai tilasta masa zama a cunkushe a inda ya fi dogara da famfo da lantarki. Duk wanda ya bi labarin hatsarin tashar Fukushima ta Japan a 2011 zai tuna yadda hankalin duniya ya tashi kan tafkin tukunya ta huɗu, mai dami sama da 1,500, lokacin da wuta ta ɗauke ginin ya fashe. Gangunan ajiyar busasshe da ke wannan tashar kuwa ruwan tsunami ya shiga ɗakinsu, amma makamashin da ke ciki bai lalace ba.

Waɗannan ganguna su ne mafitar da yawancin ƙasashe suka kama. Bayan dami ya yi wasu shekaru a ruwa, galibi biyar zuwa sama, sai a sa shi cikin gangar ƙarfe, a tsotse ruwan, a cika da iskar hiliyum, a rufe ruf, a kewaye da ƙarfe mai kauri ko kankare. Iskar gari ce ke sanyaya ta, ba famfo ba inji. Amurka ta ba da lasisin farko na irin wannan a 1986 a tashar Surry ta jihar Virginia. Su ma ba a barin kamfani ya jera su yadda ya ga dama. Kowace irin ganga da iyakar zafi da nau'in damin da aka yarda ta ɗauka, kuma duk gangar da aka ƙara tana ƙara tiririn da ke isa bakin shinge, wanda shi ma doka ta sa masa iyaka. A jihar Minnesota har majalisar jiha ta shiga: a 1994 ta ce tashar Prairie Island, wadda ke daf da gidajen wata al'ummar 'yan asalin ƙasar, ganga 17 kawai za ta cika, da sharaɗin kamfanin ya zuba jari a wutar iska. A 2003 aka sake zama aka ƙara.

Amurkar ce kuma ke nuna yadda ɗaure ajiyar wucin gadi da makwancin ƙarshe kan koma tarko. Dokarsu ta 1982 ta ce gwamnati za ta fara karɓar makamashin daga kamfanoni a 1998. Gyaran 1987 ya zaɓi Dutsen Yucca na jihar Nevada a matsayin makwanci, ya kuma ce ba za a gina babbar ma'ajiyar wucin gadi ta gwamnati ba sai an ba da izinin gina makwancin, kuma ko an gina ta ba za ta wuce tan 10,000 ba har makwancin ya fara aiki. Niyyar mai kyau ce, irin ta Oskarshamn. Sai Nevada ta ƙi, aka daina ba aikin kuɗi wajen 2011. Yau ba makwanci, ba ma'ajiyar gwamnati, kusan tan 90,000 na zaune a tashoshi cikin jihohi sama da talatin, wasu a wuraren da aka rushe tashar tun tuni sai gangunan da masu gadinsu. Baitulmali ya biya kamfanoni diyyar saɓa alkawari sama da dala biliyan 10. Kamfanoni masu zaman kansu sun samu lasisin manyan ma'ajiyoyi a Texas a 2021 da New Mexico a 2023, jihohin biyu kuma suka yi dokokin hanawa, kan dai wannan tsoron.

Akwai iyaka ta biyu da ke tafiya da ta yawa, wato ta lokaci. Jamus ta ba ma'ajiyoyinta lasisin shekara 40. Na Gorleben, mai ganga 113, zai ƙare a 2034, alhali ƙasar ba ta ma zaɓi wurin makwancinta ba tukuna. Dole a tsawaita, kuma kafin a tsawaita sai an nuna cewa murafen gangunan da bututun da ke ciki za su jure, har a iya ɗaukarsu a mota ko jirgin ƙasa bayan shekaru masu yawa. Wannan tambayar ta ƙarshe ita ce ta fi damuna a duk harkar, domin ganga da ba za ta ɗauku ba ta riga ta zama ta dindindin, komai aka rubuta a lasisinta. Koriya ta Kudu kuma a dokar da majalisarta ta zartar a 2025 ta haɗa iyakokin biyu: ajiyar da za a gina a harabar tasha ba za ta wuce abin da tukwanen za su samar a tsawon shekarun da aka tsara musu tun farko ba, sannan an sa 2050 don ma'ajiyar tsakiya, 2060 don makwanci.

Tunda daga Samaru ka rubuto, ka san ƙaramar tukunyar bincike da ke Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta fara aiki a 2004. A 2018 an sauya mata makamashi, aka mayar da tsohon zuwa ƙasar Sin inda ya fito. Kada wannan ya sa ka ɗauka haka za a yi da tashar lantarki. Abin da aka mayar bai fi kamar kilo guda na yuraniyam ba, tasha guda kuwa a shekara sittin za ta tara sama da tan dubu. In maganar gina tasha a Geregu ta jihar Kogi ko Itu ta Akwa Ibom ta sake tasowa, abin da ya kamata hukumar NNRA mai kula da harkar nukiliya a Najeriya ta nema tun kafin a zuba harsashi shi ne a rubuta shekara nawa tafkin zai ɗauka kafin ya cika, a ware filin ganguna da kuɗinsu daga cikin kuɗin wutar da za a sayar, kuma in mai sayar da tashar ya yi alkawarin kwashe makamashin zuwa ƙasarsa, a ga alkawarin cikin yarjejeniya da adadinsa da shekararsa.