Shin Ya Halatta In Sayi Hannun Jari a Kamfanin Haƙar Ma'adinai a Ƙasan Teku?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗan kasuwa ne, nakan ɗan taɓa sayen hannun jari ta waya. Wani abokina ya kawo mini tallan wani kamfani da ke shirin kwaso duwatsun ma'adini daga ƙasan teku, ya ce duk wanda ya shiga da wuri zai dara. Da na nuna shakka sai ya ce ai teku ba gonar kowa ba ce, kuma ko a fiƙihu abin da teku ya fitar na wanda ya tsinta ne. Haka ne, Malam? In sa kuɗina?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Abokinka bai ƙagi maganar ba. Shehu Khalil ya faɗa a Mukhtasar cewa abin da teku ya tofo, kamar ambar, na wanda ya same shi ne, ba a fitar masa da humusi, kuma an ruwaito makamancin haka daga Ibn Abbas. Allah ma ya yi mana gori a suratun Nahli, aya ta 14, da cewa ya hore mana teku mu ci ɗanyen nama, mu fitar da kayan ado daga cikinsa. Don haka asalin cin moriyar teku halal ne. Inda abokinka ya zame shi ne ya ɗauki hukuncin mutum guda da ya tsinci ambar a bakin gaɓa, ya ɗora shi a kan jirgin da ke share ƙasan teku da inji.

Ka san abin da ake magana a kai tukuna. Duwatsu ne baƙaƙe, kamar dankalin turawa, zube a kan laka a zurfin da ya wuce mita 4,000, musamman a yankin Clarion-Clipperton na tekun Fasifik, tsakanin Hawai da Meziko. In aka fasa ɗaya, sau da yawa akan tarar da haƙorin kifi ko ɓallin ƙwarya a tsakiya, ƙarfe ya yi ta naɗe shi sannu a hankali, 'yan milimita kaɗan a shekara miliyan. A cikinsu akwai manganis da nikel da kobal da jan ƙarfe, irin waɗanda ake yin batirin mota mai lantarki da su. A gwajin da aka yi a 2022, inji ɗaya ya turo sama da tan 3,000 ta cikin bututu mai tsawon fiye da kilomita 4 zuwa jirgi. Wannan ma'adini ne, kuma babin ma'adini daban yake.

A mashhurin mazhabar Malikiyya, ma'adini ba ya zama mallakar wanda ya riga kowa isa. Hukuncinsa na hannun shugaba, ya juya shi yadda jama'a za su amfana. Dubi ƙissar Abyad bin Hammal da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Ya roƙi Annabi (SAW) ya yanka masa wurin gishiri na Ma'arib, aka ba shi. Da ya juya, wani a majalisar ya ce wa Annabi abin da ya bayar tamkar ruwa ne mai ɓuɓɓuga wanda ba ya yankewa. Nan take aka karɓe kyautar. Ka lura, Abyad bai yi laifin komai ba, ya nema ta hanyar da ta dace. Girman dukiyar da buƙatar jama'a gare ta su suka hana ta zama ta mutum ɗaya.

To wane ne shugaba a tsakiyar teku, inda babu tutar kowa? A nan alkawari yake tsayawa a matsayinsa. A 1967 jakadan Malta, Arvid Pardo, ya tashi a Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi kashedin cewa masu manyan jirage za su rabe ƙasan teku a tsakaninsu. Daga nan aka kai ga yarjejeniyar dokar teku ta 1982, wadda sashenta na 136 ya ce wannan yanki da arzikinsa gadon 'yan Adam ne gaba ɗaya, sashe na 140 kuma ya wajabta raba amfaninsa da adalci, har da ƙasashen da ba su da gaɓar teku. Wato manomi a Maraɗi, wanda bai taɓa ganin teku ba, yana da haƙƙi a cikin dutsen nan. An kafa hukuma a Kingston ta Jamaika a 1994 don riƙe amanar. Cika irin wannan alkawari wajibi ne bisa farkon suratul Ma'ida, kuma kasancewar an ƙulla shi da waɗanda ba Musulmi ba bai rage masa ƙarfi ba, tunda Annabi ya yabi Hilful Fudul da aka ƙulla tun jahiliyya don kare wanda aka zalunta.

Ba na cewa tsarin nan tsarkakakke ne. A 1994 ɗin aka cire sharaɗin da ya tilasta wa ƙasashe masu arziki koya wa matalauta fasahar haƙar, don a lallashe su su shigo. Ga kuma wani salo da ke damuna: kamfani ya nemi ƙaramar ƙasa ta tsaya masa, ya shiga da sunanta. Haka Nauru, tsibirin da mutanensa ba su wuce dubu goma sha 'yan kai ba, ta tsaya wa wani reshe na The Metals Company na Kanada, har a 2021 ta matsa wa hukumar ta gama dokokin haƙa cikin shekara 2. Nauru ɗin da haƙar fosfet ta mayar da tsakiyarta kufai! A 2025 kuma, bayan umarnin da Shugaba Trump ya sa wa hannu a watan Afrilu, kamfanin ya nemi izini kai tsaye daga Amurka, wadda ba ta cikin yarjejeniyar. Izinin wanda bai mallaki abu ba kuwa ba ya halatta shi.

Allah ya faɗi dalilin rabon fai'i, wato dukiyar da aka samu daga abokan gaba ba tare da yaƙi ba, a suratul Hashri, aya ta 7: don kada dukiya ta zama tana kewayawa tsakanin mawadata kaɗai. Da ayoyin wannan sura Sayyidina Umar ya kafa hujja lokacin da ya ƙi raba ƙasar Iraƙi ga mayaƙan da suka ci ta, yana tunanin waɗanda za su zo daga baya. Ƙasar noma ma ke nan, wadda ake girbe ta kowace shekara. Ina ga dutsen da in an kwashe shi an kwashe ke nan?

Batun ɓarna ba zan tsawaita ba. A 1989 masu bincike sun ja garma a ƙasan teku daura da Peru, da aka koma bayan shekara 26 sawun na nan, halittun wurin ba su gama dawowa ba. Ƙasashe sama da 30 sun nemi a dakata da haƙar. Ƙa'idar ita ce ba cuta ba cutarwa, kuma tunkuɗe ɓarna yana gaba da jawo amfani.

Abin da ya rinjaya a wurina, ɗan'uwa, shi ne kada ka sa kuɗinka a duk kamfanin da ke neman kwasar wannan dukiya ta bayan masu haƙƙi, domin mai hannun jari abokin tarayya ne a aikin, kuma an hana mu taimakekeniya a kan zunubi da ƙetare iyaka. In ka riga ka saya, ka sayar ka fita. Idan wata rana an kammala dokokin, an fayyace kason kowa, masana amintattu sun tabbatar ɓarnar ba ta rinjayi amfanin ba, hukuncin zai koma asalinsa na halacci, sai a duba sauran sharuɗɗan hannun jari, kamar yawan bashin ruwa da ke kan kamfanin. Haƙar da ƙasa ke yi a cikin ruwanta kuma mas'ala ce daban, tana hannun hukumar ƙasar.

Wallahu a'alam.