Ɗakin Aiki a Gida: Tambayoyinku da Amsoshinsu

Tambayoyin da suka taru mini a wannan makon kusan duk sun karkata wuri guda, wato mutanen da suka ware ɗaki ko lungu a gida don aiki da kwamfuta, amma wurin ya ƙi daɗin zama. Na zaɓi biyar, na ɗan taƙaita su.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce a Kaduna, da yamma kuma ina yi wa yara darasi ta intanet. Na mayar da sitonmu ɗakin aiki, na yi fenti, na sa labule mai tsada, amma wallahi ko shiga ba na son yi. In na yi awa ɗaya sai wuya da idanu su dame ni. Wane kayan ado zan ƙara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki riƙe kuɗinki tukuna. Ɗakin da ke sa ciwon wuya, ko da me aka ƙawata shi jiki zai riƙa gudunsa.

Mu fara da taga. Idan tana bayanki, haskenta yana sauka a kan allon kwamfuta yana ƙyalli, ki yi ta ƙanƙance ido ba ki sani ba, yaran da kike koyarwa kuma duhun fuskarki kawai suke gani. Idan tana gabanki, daidai bayan allon, ido yana fama da haske iri biyu lokaci guda, ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi. Ki juya teburin yadda taga za ta koma gefenki. Labulen nan in mai kauri ne, ki haɗa shi da mai shara-shara, ki riƙa zuge mai kaurin da rana.

Sai ƙwan lantarki. A jikin kwalinsa akwai lamba da harafin K a gabanta, yawancinmu ba ma dubawa. Mai 6500K fari ne fat har da ratsin shuɗi, irin hasken shagon sayar da magani, kuma shi ya fi yawa a kasuwa. Mai 2700K zuwa 3000K yana da ɗan ja-ja irin na fitilar ƙwai, yana da daɗi a falo amma yana kawo kasala a wurin aiki. Ni dai na fi son mai 4000K a ɗakin aiki. Ki ƙara ƙaramar fitilar tebur, domin ƙwai ɗaya tal a tsakiyar silin yana jefa inuwar kanki a kan abin da kike rubutawa.

Ciwon wuyan kuwa daga laftop ne. Allonta da maɓallanta a manne suke, idan hannu ya samu daidai, kai sai ya sunkuya. Ki ɗora ta a kan manyan littattafai har gefen allon na sama ya zo daidai saitin idonki, ki sayi allon maɓallai da linzami na daban ki jona. Tazarar allo da ido ta kai tsawon hannunki in kin miƙe shi, kamar santimita 50 zuwa 70. Idan kafinta ne zai yi miki tebur, ki ce masa tsayinsa ya tsaya tsakanin santimita 72 da 75, kada ya yi miki irin na cin abinci da ya ga dama. In kin zauna ƙafafunki suna lilo, kujera 'yar tsugunno ta madafi ta isa matakin ƙafa. Kujerar roba ma ana iya lallaɓa ta da ƙaramin matashi a ƙugu.

Idanu kuma, duk bayan minti 20 ki ɗaga kai ki kalli abu mai nisa, kamar mita 6, na daƙiƙa 20. Ga wani amfanin taga a gefe ke nan. Ki yi mako guda a haka, sannan ki sake duba ɗakin ki ga ko har yanzu yana neman ado.

Tambaya: Yallaɓai, ina zanen talla da katin biki a Kano. Wayoyi sun cika mini ƙarƙashin tebur kamar taliya, kuma ekstenshan biyu sun narke mini a wata uku. Yaya zan yi?

Amsa: Narkewar ta fi tayar mini da hankali fiye da taliyar, ɗan'uwa, don ita ce ke kai gida ga gobara. Fulogi mai ƙafa uku da muke amfani da shi a Najeriya iyakarsa amfiya 13, a wutar bolt 230 ke nan kusan wat 3,000. Amma wannan lissafin na waya mai kauri ce ta gaskiya. Ekstenshan mai arha in ka feɗe wayarsa za ka tarar da 'yan silala ƙalilan a ciki, ba za su ɗauki ko kusa da haka ba. Cajar laftop tana jan wat 45 zuwa 65 ne galibi, rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, ba ta cika wuce 12 ba, waɗannan ba sa narkar da komai. Masu laifin su ne dutsen guga, hita da butar dafa shayi, kowannensu yana jan wat 1,000 ko fiye. Ka tambayi mutanen gida, zan yi mamaki idan ba a taɓa jona ɗaya daga cikinsu a wurin ba. Kuma kada ka jona ekstenshan a jikin wani ekstenshan. Fulogin da ke rawa a cikin soket shi ma yana yin zafi, ka canza shi.

Ka sayi guda ɗaya mai nauyi a hannu, mai fiyus, wanda aka rubuta yana kare kaya daga tashin wuta na farat ɗaya. Ko da shi, in an ɗauke wuta ka kashe makunni, sai ta dawo ta zauna ka kunna. Da damina in ana tsawa, cire fulogi gaba ɗaya shi ne kariyar da ba ta da shakka.

Taliyar kuwa aikin rabin awa ce. Ka ɗaure ekstenshan ɗin da ƙusa a cikin teburin ta ƙasa, ya bar kan siminti, shara da mofa su daina taɓa shi. Kowace waya ka naɗe rarar tsawonta ka ɗaure, ka manna mata ɗan salatif kusa da fulogin ka rubuta sunanta. Tsofaffin cajojin da ba ka san na mene ne ba, ka zuba su a kwali ka fitar da su daga ɗakin. Waya ɗaya tak ya kamata a gani tana tafiya daga tebur zuwa bango.

Tambaya: Malam, ina son ɗakin aikina da ƙamshi, kullum ina sa turaren wuta. Maigidana ya ce shi ke sa kwamfutar zafi da ƙara. Da gaskiyarsa?

Amsa: Yana da rabin gaskiya, Hajiya. Fankar da ke cikin kwamfuta iskar ɗaki take zuƙa ta huce da ita. Hayaƙin turare yana da maiƙo, idan ya shiga sai ya kwanta a kan fankar, ƙurar hunturu ta zo ta manne masa, a hankali hanyar iskar ta toshe. Sai ki ji fanka tana gurnani, aiki yana tafiyar hawainiya, domin kwamfuta da kanta take rage gudu in zafi ya yi mata yawa. Ba sai kin bar turarenki ba. Ki turara ɗakin kwamfuta tana kashe, a rufe da mayafi, hayaƙi ya lafa sannan ki kunna. Kasko kuma nesa da tebur da takardu.

Ɗaya rabin laifin na yanayi ne da wurin ajiya. Kamfanin Apple, misali, ya ce laftop ɗinsa ta yi aiki a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40. Saboda haka kada a ɗora ta a kan katifa, matashi ko darduma, duk suna toshe ramukan iskar da ke ƙasanta. Bayan kowane hunturu a kai ta wurin mai gyara ya buɗe ya share.

Tambaya: Daga Maraɗi nake. Ina ganawa da abokan ciniki ta bidiyo. Suna cewa muryata tana amsa-kuwwa, hoton yana yankewa, bayana kuma bango ne tsirara. Ina mafita?

Amsa: A nan ne ado yake yin aiki biyu. Amsa-kuwwa tana zuwa ne daga bangon siminti da tayil, sauti ya bugi nan ya dawo can ba abin da zai shanye shi. Duk abu mai laushi yana shanyewa: darduma a ƙasa, labule, kantar littattafai. Ka samo zane mai kauri, irin saƙi ko rinin shuni kamar na karofin Ƙofar Mata a Kano, ka rataya a bangon da ke bayanka. Da haka ka rage amsa-kuwwar, ka kuma samu bango mai kyan gani a kyamara. Faifai uku ko huɗu masu launi a jere su ma suna fitowa da kyau. Sai dai kada ka cika, idan tarkace ya yi yawa mai kallo zai bar fuskarka ya koma ƙirga kayan bango. Ka kula kada hoton iyali ko takarda mai lambar asusu ta shiga kyamara. Ƙaramin abin sauraro mai makirfo a kusa da baki zai gyara muryar fiye da makirfon jikin laftop.

Yankewar hoto kuma, ka duba inda rauta take. Mutane suna ɓoye ta a durowa ko bayan talabijin don kada ta ɓata ado, alhali bangon bulo, ƙarfe da madubi duk suna raunana siginar. Ka ɗora ta a sama, a fili. In mai layin waya ce, kusa da taga ta fi kamawa. Idan tana ba da zaɓi biyu, mai lamba 5 ya fi sauri a ɗaki ɗaya, mai 2.4 ya fi ratsa bango. In kuwa teburinka yana kusa da ita, ka haɗa su da wayar intanet kai tsaye, ka huta.

Tambaya: An ce in aka ajiye tsiro mai ƙaya kusa da kwamfuta yana zuƙe tururin da ke cutar da mutum. Haka ne?

Amsa: Ba haka ba ne, ƙanena, tsiro ba ya zuƙe komai daga allo. Batun tace iska ma da ake yawan faɗa ya samo asali ne daga wani gwaji da hukumar NASA ta Amurka ta yi a 1989, a cikin rufaffun akwatuna, ba a ɗaki mai ƙofa da taga ba. Buɗe taga ya fi tukunya goma aiki. Amma ka ajiye tsironka don kore yana hutar da ido. Ka zaɓi mai jure ƙishi kamar moɗa ko alobera, ka sa faranti a ƙarƙashin tukunyar, kuma ka ajiye ta a ɓangaren da babu soket, saboda ranar da hannu zai goce wajen ban ruwa.