Ƙanena Dokta yana neman jari, ta yaya zan gane da gaske yake?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon kayan masarufi a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Ƙanena malamin jami'a ne, ya daɗe yana bincike kan citta, yanzu ya ce ya gano hanyar busar da ita da niƙa ta ba tare da ta yi fumfuna ba. Yana so in zuba naira miliyan 3 mu buɗe kamfani. Sai dai shekara da shekaru yake wannan magana. Ta yaya zan auna niyyarsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Su kansu 'yan jami'a sun daɗe suna neman amsar wannan tambaya taka. A 1991 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Icek Ajzen, ya nuna cewa niyyar mutum tana tsaye ne kan abu uku: yadda shi yake ganin amfanin abin, yadda mutanen da yake jin maganarsu suke kallonsa, da kuma ko yana ganin zai iya. A 2009 wasu masana biyu, Liñán da Chen, suka ɗora takardar tambayoyi a kan wannan, inda mutum zai ba kansa maki daga 1 zuwa 7 a kan kalamai irin su a shirye yake ya yi komai don ya kafa sana'arsa. Da irin wannan takarda ake auna ɗalibai da malamai a ƙasashe da yawa.

Ba na raina ta, amma ba ita za ta tsare maka kuɗinka ba. Wanda ke da albashi duk ƙarshen wata, ba ya jin zafin zaɓen lamba 7 a takarda. Kai da ka sha jin "gobe zan kawo ciko" ba sai an yi maka bayani ba.

Ka ɗauki ma'aunan nan uku, amma ka nemi amsarsu a aikinsa. Nawa ya taɓa kashewa daga aljihunsa kan wannan citta? Ya taɓa zuwa Kachia ko Kwoi ya sayi buhu ko ɗaya, ya yi ciniki da manomi? Ya san yadda cutar da ta afka wa gonakin citta a Kudancin Kaduna a 2023 ta tayar da farashi? Idan duk lissafinsa na farashin kafin nan ne, to lissafin ofis ne.

Sannan akwai batun doka, wanda nake ganin ya fi komai nauyi. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa ma'aikatan jami'o'in gwamnati cikin jami'an gwamnati, kuma ya hana mai cikakken aiki tafiyar da kasuwanci mai zaman kansa, in ban da noma. Ke nan, in a jami'ar gwamnati yake, Dokta zai iya zama mai hannun jari, amma zaman masana'anta da bin bashi a kanka ko kan manaja zai faɗa. Ka tambaye shi wa zai riƙe wurin. Ka kuma tambaye shi fasahar ta wa ce, domin abin da aka gano a ɗakin gwajin jami'a da kuɗinta, jami'ar na iya cewa tana da haƙƙi a ciki. Ya kawo matsayarta a rubuce. Hukumar NOTAP tana taimaka wa masu bincike wajen rajistar mallakar fasaha. In bai taɓa tuntuɓar ta ba, ka ji dalili.

Ni da ni ne, ba zan ba da miliyan 3 a dunƙule ba. Ware dubu 300, shi ma ya kawo wani abu daga albashinsa, ko kaɗan ne. Ya sarrafa buhu biyu, ka kai wa masu shayi da masu kayan yaji da ka sani su gwada, ku ga ko za su dawo da kuɗi a hannu. Ku yanke wa'adin wata uku. Idan ya cika, sai ku yi rajistar kamfani a CAC, ku nemi lambar NAFDAC kafin kaya su hau kanta, ku rubuta kason kowa a gaban shaidu. Kada kunyar 'yan'uwantaka ta hana ku rubutun nan, kuma ka bar iyalinku su ji sharuɗɗan daga bakinka tun yanzu.