Ɗana ya nace sai sukuwa

Tambaya: Salam Malam, ɗana ya nace sai ya zama mahayin dokin sukuwa, har Ingila yake mafarki, ni kuma kullum gabana faɗuwa yake. Da haɗari sosai?
Wata uwa, Jos

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, gaskiya akwai. Dokin nan yana zura kusan kilomita 60 a awa, yaro kuma a tsugune kan likkafa, tuntuɓe ɗaya sai ƙasa. A Ingila da Faransa masu tsallaken shinge sun fi shan kaye, ga karayar kafaɗa ga buguwar kai, a Amurka kuwa wani shahararren mahayi, Ron Turcotte, tunda ya faɗi a 1978 bai sake takawa ba. Ni abin da ya fi damuna ma yunwar da suke wa kansu don rage nauyi. In kin amince, kar ya hau ba hular kwano da rigar kariya.