Amsa: Inda ayarin motocin RV zai yada zango kyauta a duwatsun Colorado

Malam, kana tambaya ko motocin RV (motocin tafiya masu ɗakin kwana a ciki) goma sha biyu za su samu wurin kwana kyauta a duwatsun jihar Colorado ta Amurka. Za su samu, a dazuzzukan gwamnatin tarayya irin San Juan da Pike-San Isabel, ko a filayen BLM, hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya. A yawancin wuraren ba a biyan ko sisi, kuma galibi kwana 14 ake bari a zauna, sai dai babu ruwa, babu banɗaki, shararku ma da ita za ku fita. Ku sauke taswirar MVUM, ita ke nuna hanyoyin da aka yarda mota ta bi.

Amma kada ku sa rai duk ku taru wuri ɗaya. Abin da na gani shi ne yawancin wuraren ba sa ɗaukar fiye da mota biyu ko uku, hanyoyin kuma na tsakuwa ne, matsattsu, doguwar mota in ta shiga ba ta da wurin juyawa. Ku tura ƙaramar mota ta fara dubawa ranar Talata ko Laraba, kafin cunkoson ƙarshen mako, sannan ku rabu aƙalla gida huɗu. In kun kai mutum 75, dole sai da izinin hukumar gandun daji.