Da wane kundi za a fara sauraron mawaƙa mata na Japan?

Ɗan'uwa, ka tambaya tsakanin Utada Hikaru da Ayumi Hamasaki wace ce za ka fara da ita, da kuma ko sayen faifan ya fi.

Fara da Utada. First Love na 1999, wanda ta fitar tana shekara 16, ya sayar da kwafi sama da miliyan 7, har yau babu kundin da ya kamo shi a Japan. Sai dai masoyanta da yawa sun fi jinjina wa Deep River na 2002, ni ma ina tare da su, don muryarta ta nuna, kiɗan kuma ya fi zurfi. Fantôme na 2016 ka bar shi zuwa ƙarshe, alhinin rasuwar mahaifiyarta ne ya cika shi.

Ita Hamasaki, ɗauki A Best, tarin fitattun waƙoƙinta. An fitar da shi rana ɗaya da Distance na Utada, 28 ga Maris 2001, kuma tun daga nan magoya bayansu suke jayayya.

Batun faifai kuwa, a kula. CD na aiki a ko'ina, amma DVD ɗin da ake haɗowa da shi na yanki na 2 ne, wato an kulle shi ga na'urorin yankin da Japan take ciki, wata na'urar ba za ta buɗe shi ba. Yawancin faifan kamfanin Avex (mai fitar da waƙoƙin Hamasaki) na 2002 zuwa 2004 suna da kariyar hana kwafi, sukan ba kwamfuta wahala. In na hannu ne, duba siririyar takardar nan ta gefen kwali da ake kira obi. In babu ita, nemi ragi.